Babi na Uku: Ƙaura da Kafuwar Tudun Wadar Zariya

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Zazzau da tsarin sarautarta. A wannan babi kuma za a duba yadda ƙaura ta haifar da Tudun Wada, wato unguwar da take arewa da ganuwar birnin Zariya, tsakanin Ƙofar Doka da kogin Kubanni. Za a yi ƙoƙarin amsa tambayoyi guda biyu. Ta farko ita ce, mene ne ya raba mutane da garuruwansu na haihuwa har suka zo Zariya? Ta biyu kuwa, me ya sa da suka zo suka sauka a bayan ganuwa, alhali kuwa a da cikin birni ake saukar baƙi? Abin da babin yake son nunawa shi ne, dalilan da suke tayar da mutum daga garinsu suna da yawa, amma wurin da zai sauka da matsayin da zai samu a can, galibi hukuma ce take yanke su.

3.1 Ma'anar Ƙaura da Ire-irenta

Ƙaura ita ce mutum ya bar mazauninsa ya koma wani wuri da niyyar zama, ko na ɗan lokaci ko na dindindin. Masana na ƙasashen Turai sun daɗe suna nazari a kan wannan al'amari. A shekarar 1885 wani masani a Ingila mai suna Ravenstein ya nuna cewa yawancin masu ƙaura ba sa yin nisa, kuma sukan tashi daga ƙauye zuwa ƙaramin gari, sannan su wuce babban birni. A shekarar 1966 kuma Everett Lee na Amurka ya kasa dalilan ƙaura zuwa waɗanda suke korar mutum daga gida da waɗanda suke jawo shi zuwa wani wuri, tare da wahalhalun da suke tsakani.

Shi kuwa Bahaushe, tun kafin wannan nazari yana da sunaye daban-daban ga kowace irin tafiya, kuma kowane suna yana ɗauke da dalilinsa. Akwai cin rani, wato manomi ya bar gida bayan kaka ya tafi neman kuɗi, ya dawo idan damina ta faɗi. Akwai fatauci, irin wanda ya kai Hausawa Gwanja neman goro, har suka kafa zanguna a kan hanya. Akwai yawon almajiranci domin neman ilimi. Akwai kuma hijira, wadda ake yi domin tsira da addini ko da rai, kamar wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi daga Ɗagel zuwa Gudu a shekarar 1804, ko wadda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas da ita a shekarar 1903 har aka kashe shi a Burmi. Duk waɗannan ire-iren tafiya sun taimaka wajen cika Tudun Wada da jama'a.

3.2 Baƙo a Birnin Zazzau Kafin Zuwan Turawa

Zariya ta daɗe tana karɓar baƙi, saboda tana kan hanyar fatake masu tasowa daga Kano da Katsina zuwa ƙasar Nufe da sauran ƙasashen kudu. Haka kuma ta yi suna wajen karatun addini, musamman nahawu da lugga, abin da ya sa almajirai suke zuwa daga nesa. A wancan zamani idan baƙo ya zo yakan sauka a gidan fatoma ko gidan malami. In ya yi niyyar zama sai mai unguwa ya kai maganarsa gaba, a yanka masa fili a cikin ganuwa. Idan ya yi aure ya hayayyafa, 'ya'yansa sun zama 'yan gari ke nan.

Babbar shaida a kan haka ita ce sunayen gidajen sarautar Zazzau guda huɗu da suka kafu bayan jihadi, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Uku daga cikin sunayen nan suna nuna wurin da kakannin gidan suka fito ne, wato Mali da Barno da Katsina, na huɗun kuma sunan wani reshe ne na Fulani. M. G. Smith ya yi cikakken bayani a kan yadda waɗannan gidaje suka riƙa karɓar sarauta a littafinsa na tarihin mulkin Zazzau wanda ya fito a shekarar 1960. A ɗaya ɓangaren kuma, jihadin da ya kawo Malam Musa kan gadon sarauta shi ne ya fitar da Sarki Makau da jama'arsa zuwa kudu, inda ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a shekarar 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Ashe ke nan shiga da fita ba sabon abu ba ne a Zazzau. Abin lura kawai shi ne, a wancan tsari baƙunci abu ne mai ƙarewa, domin birni yakan haɗiye wanda ya shigo shi.

3.3 Zuwan Turawa da Kafuwar Tudun Wada

Turawan Ingila sun kafa sansaninsu a Zariya a shekarar 1902. Suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a shekarar 1903. Tare da Turawan nan akwai ayarin mutane masu yawa: sojoji da 'yan alaro masu ɗaukar kaya da kuku da boyi da masinja da tafinta, da kuma mata da 'yan tireda da suke bin sansani. Yawancinsu 'yan Arewa ne, Hausawa da Nufawa da Barebari da sauransu, amma ba Zage-zagi ba ne. Dole a sama musu wurin zama.

A nan ne bukatar Turawa da ta masu sarauta suka haɗu. Su Turawa suna mulki ne ta hannun sarakuna, saboda haka ba sa son a cusa wa birni mutanen da za su raina ikon sarki da alƙali. Su kuma mutanen birni suna ƙyamar waɗanda suke kira 'yan bariki, suna ganin za su ɓata tarbiyyar gari. Bugu da ƙari, Turawa ba sa son baƙar fata ya maƙwabce su, suna kafa hujja da tsoron zazzaɓin cizon sauro. Dokar garuruwa ta shekarar 1917 ta ƙarfafa wannan wariya, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta sauran jama'a.

Sakamakon haka shi ne Zariya ta rabu kashi-kashi. Birni ya zama na 'yan gari. Unguwar Turawa tana tsallaken Kubanni. Sabon Gari, wanda ya tashi kusa da tashar jirgin ƙasa, ya zama mazaunin mutanen kudu da na wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Tudun Wada kuma, wadda aka keɓe tun a farkon shekarun mulkin Turawa, ta zama mazaunin baƙi 'yan Arewa, galibinsu Musulmi, a ƙarƙashin ikon En'e. Daga baya aka ƙara da Wusasa, inda 'yan mishan suka koma a shekarar 1929 bayan sun bar cikin birni, da kuma Samaru, wadda ta fara da gonar gwajin noma a shekarun 1920. An maimaita irin wannan tsari a wasu garuruwa, shi ya sa ake samun unguwa mai suna Tudun Wada a Kano da Kaduna da Gusau da Jos.

Sunan kansa yana nuna burin waɗanda suka zo, domin ya haɗa kalmar tudu da kalmar wada, wato wadata. Yanayin ginin unguwar ma ya bambanta da na birni. A birni lunguna ne masu karkace-karkace da manyan gidajen gandu, a Tudun Wada kuwa an ja layuka, an yanka fuloti, gidaje da yawa kuma an gina su ne da ɗakunan haya.

3.4 Dalilan da Suka Kawo Mutane Tudun Wada

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan aka bi tarihin unguwar za a tarar kowane zamani yana da abin da ya koro mutane da abin da ya jawo su. Za a kawo muhimmai daga ciki.

3.4.1 Jirgin Ƙasa da Aikin Lada

An fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a shekarar 1907, ya ratsa Zariya ya isa Kano a shekarar 1911. Daga Zariya aka ja wani ƙaramin layi zuwa filayen haƙar kuza, wanda ya isa Bukuru a shekarar 1914, aka kuma yi amfani da shi har shekarar 1957. Wani layin ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Wannan ya mayar da Zariya mahaɗar jiragen ƙasa. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da rumbunan sayen auduga da gyaɗa da fatu, aka kuma kafa injin gurzar auduga. Duk waɗannan suna bukatar leburori da 'yan dako da dillalai da masu gadi. A shekarar 1924 kuma aka kafa makarantar horar da kuratan soja a Zariya, wadda take tara samari daga ko'ina cikin ƙasa. Akawu da direban jirgi daga kudu sukan sauka a Sabon Gari, lebura ko tsohon soja ɗan Arewa kuwa ya fi samun natsuwa a Tudun Wada, inda akwai masallaci da makarantar allo da alƙali, kuma ba a tambayarsa gidan da ya fito.

3.4.2 Haraji da Mutuwar Bauta

Turawa sun tilasta a riƙa biyan haraji da kuɗinsu, ba da wuri ko hatsi ba. Manomin da ba shi da auduga ko gyaɗar sayarwa ba shi da hanyar samun sule sai ya tafi cin rani. Da yawa sun zo da niyyar wata uku ko huɗu, amma da suka sami sana'a sai suka aika aka kawo musu iyali.

Har ila yau, ƙasar Zazzau tana daga cikin wuraren da suka fi yawan rinji, wato ƙauyukan bayi masu noma wa iyayengijinsu. Dokar da Lugga ya kafa a shekarar 1901 ta haramta cinikin bayi, ta kuma 'yantar da duk wanda aka haifa bayan watan Maris na wannan shekara, ko da yake ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai a shekarar 1936. A tsakanin nan bayi da yawa sun fanshi kansu, wasu kuma sun gudu. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a shekarar 1954, ya nuna yadda rinjin gidansu ya watse bayan zuwan Turawa. Ga wanda ya fito daga irin wannan hali, sabuwar unguwar da kowa baƙo ne ta fi birni daɗin zama, domin a birni an san asalin kowa.

3.4.3 Yunwa da Aikin Tilas

Fari da yunwa sun sha tayar da mutane daga arewacin ƙasar Hausa zuwa kudu, inda ruwan sama ya fi yawa. Zazzau tana daga cikin wuraren da ake dosa. Yunwar shekarar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Ƙaƙalaba, ta koro jama'a daga ƙasashen Kano da Katsina da Damagaram. An sake yin wata a shekarar 1942, a daidai lokacin da ake kwasar mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos saboda Yaƙin Duniya na Biyu, abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna. A ƙasar Nijar kuma, aikin tilas na Faransawa, wanda ba a soke shi ba sai a shekarar 1946, ya sa mutane da yawa tsallako iyaka. Farin shekarar 1972 zuwa 1974 ya sake kawo Buzaye da Zabarmawa da Hausawan Nijar, waɗanda suka kama sana'o'i irin su gadi da ga-ruwa da sayar da shayi.

3.4.4 Ilimi da Aikin Gwamnati

Daga shekarun 1930 aka sami wani sabon rukunin baƙi, wato 'yan boko na Arewa. An fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na shekarar 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a shekarar 1945 a gefen Tudun Wada. A shekarar 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Kongo, wadda ta zama cibiyar koyon aikin mulki, daga baya kuma ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a shekarar 1962. Kwalejin da ta fara a Katsina ta koma Kaduna a shekarar 1938, ta dawo Zariya a shekarar 1949, ita ce yanzu Kwalejin Barewa. Babban asibitin Tudun Wada kuma shi ne ya zama asibitin koyarwa na jami'a, har zuwa shekarar 2005 da aka koma Shika. Malamai da ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu aikin ɗab'i duk sun nemi muhalli a kusa da wuraren aikinsu.

Alhaji Abubakar Imam misali ne na wannan rukuni. An haife shi a Kagara a shekarar 1911, ya yi karatu da koyarwa a Katsina, aikin jarida ya kawo shi Zariya, ya kafa gidansa a Tudun Wada, a Zariya kuma ya rasu a shekarar 1981. Taruwar irin waɗannan ma'aikata daga larduna daban-daban tana daga cikin abin da ya sa Zariya ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fara tarukan kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a shekarar 1948.

3.4.5 Rikici da Rashin Tsaro

Tashin hankali ma ya canza fuskar Zariya. Kashe-kashen shekarar 1966 sun sa dubban 'yan ƙabilar Ibo barin Arewa, ciki har da mazauna Sabon Garin Zariya, kuma daga lokacin ne Hausawa suka ƙara yawa a can. Rikicin Kafanchan na shekarar 1987 da na Zangon Kataf na shekarar 1992 da na bayan zaɓen shekarar 2011 duk sun taɓa Zariya. Kowannensu ya kawo 'yan gudun hijira, ya kuma sa mutane suka ƙara duba addinin maƙwabta kafin su kama haya ko su sayi fili. Daga shekarun 2010 kuma hare-haren 'yan bindiga a yankunan Birnin Gwari da Giwa da jihohin Zamfara da Katsina sun koro manoma daga ƙauyukansu. Irin waɗannan sukan raɓa ne da dangi a unguwannin bayan ganuwa, inda ake samun ɗakin haya da aikin ƙarfi.

3.5 Matsayin Baƙo a Tudun Wada

Bahaushe yana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato shi baƙo ba ya daɗewa. Tarihin Tudun Wada ya saɓa wa wannan karin magana, domin akwai gidajen da suka haifi 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne a unguwar, ba su san wani gari ba sai Zariya. Zama tare ya sa Banufe da Babarbare da Bayarabe Musulmi sun koma magana da Hausa a gidajensu, auratayya kuma ta haɗa su da mutanen birni.

Rayuwar Hajiya Gambo Sawaba ta nuna yadda wannan cuɗanya take. Mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Nijeriya, mahaifiyarta kuma Banufiya ce. An haife ta a shekarar 1933, ta yi firamare a makarantar En'e ta Tudun Wada, ta zama shugabar mata a jam'iyyar NEPU, ta kuma sha ɗauri saboda siyasa. Ta rasu a shekarar 2001, kuma babban asibitin gwamnati da yake Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. Ga 'yar baƙi ke nan wadda Zariya take alfahari da ita.

Duk da haka, rabon da Turawa suka yi bai mutu ba, ya dai sake kama ne. Tsarin mulkin shekarar 1979 ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, na shekarar 1999 kuma ya ci gaba da ita. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa. Amma a aikace, mai neman gurbin karatu ko aikin gwamnati ko shiga soja sai ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin wata ƙaramar hukuma, ita kuwa wannan takarda asalin uba take bi. Saboda haka yana yiwuwa a haifi mutum a Tudun Wada, a haifi ubansa a can, amma ranar neman takarda a tambaye shi garin kakansa, garin da watakila bai taɓa gani ba kuma ba a san shi a can ba. Nauyin wannan matsala ya fi faɗa wa talaka wanda ba shi da wanda zai tsaya masa.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ƙaura tsohuwar al'ada ce a Zazzau, har ma gidajen sarautarta suna ɗauke da sunayen wuraren da suka fito. An ga kuma dalilan da suka kawo mutane Tudun Wada sun haɗa da neman aikin lada da kuɗin haraji, da tsira daga bauta da yunwa da aikin tilas, da neman ilimi da aikin gwamnati, da kuma gudun tashin hankali. Wannan ya dace da bayanin Lee na abin da yake kora da abin da yake jawowa. Sai dai tarihin unguwar ya ƙara da wani abu, wato hannun hukuma wajen zaɓa wa baƙo masauki. Kafin shekarar 1902 ana shigar da baƙo cikin ganuwa har zuriyarsa ta zama ta gari. Bayan zuwan Turawa sai aka ware masa unguwa, aka rubuta shi a matsayin baƙo, takardar asali ta zamanin yanzu kuma ta gaji wannan rubutu. A babi na gaba za a duba sana'o'in mazauna Tudun Wada da yadda kasuwarta ta bunƙasa.